Fomatin: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Da la'asar sakaliya ta wata Laraba cikin watan Oktoba na 2023, ina zaune a ƙofar gidanmu a Maiyama, sai wayata ta yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne, wanda a lokacin yake shekarar ƙarshe a fannin aikin gona a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya ba, domin yaro ne mai yawan raha, amma ran nan muryarsa kamar ta wanda aka aiko da saƙon rasuwa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Kawu, aikina ya tafi." Na ce wane aiki? Ya ce, "Kundin kammala karatuna gaba ɗaya. Na kai kwamfutar gyara Jega, an yi mata fomatin."

Kafin mai karatu ya gane nauyin wannan magana, sai ya san irin aikin. Tun watan Afrilu, bayan an gama cirar albasa, yaron nan yake bin wasu manoma uku a gefen Aliero, duk mako yana auna albasar da suka adana a rudu, yana rubuta nawa ta rage nauyi, nawa ta ruɓe, nawa ta tsiro. Wata shida cur yana wannan zirga-zirga, da rana da ruwa. Aiki ne da ba a iya sake shi a ɗaki, domin albasar da aka auna tuni ta yi kudu a bayan tirela, kuma wata ba za ta zo ba sai shekara ta zagayo.

Yadda abin ya faro kuwa, ya kai filash ɗinsa wani shagon buga takardu ne domin a fitar masa da babi na uku ya kai wa malamin da ke duba aikinsa. Da ya dawo ya soka shi a kwamfutarsa, sai ya tarar foldojinsa duk sun rikiɗe sun koma wasu alamomi masu ƙaramar kibiya a gindi. Ya danna ɗaya, ya danna biyu, daga nan kwamfutar ta fara nauyi kamar jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙima. Abokai suka ce bairos ne, maganinsa fomatin. Bai tsaya wata-wata ba ya hau mota sai Jega.

Washegari da safe na bi sawu, muka haɗu a tasha, muka nufi shagon. Ɗan ƙaramin shago ne, rabinsa wayoyi rabinsa kwamfutoci, janareta na ta ruri a ƙofa. Mai shagon matashi ne mai ladabi. Ya ba ni kujera, sannan ya ce, "Yallaɓai, wallahi sai da na tambaye shi ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, ya ce mini yana da shi a filash." Yaron ya ce, "To ai filash ɗin ma ka goge shi." Ya ce, "Ai shi ne ya kawo cutar. In na bar shi, gobe za ka dawo mini da ita."

Na jima ina juya wannan amsa a raina, domin babu ƙarya a cikinta. Ya yi tambaya, an ba shi amsa, ya yi abin da ubangidansa ya koya masa, kuma kwamfutar ta warke sarai, tana gudu kamar yau aka ɓare ta daga leda. Abin da bai sani ba, wanda shi ma yaron bai sani ba, shi ne irin wannan bairos ba ya cinye fayil ko ɗaya. Ɓoye su kawai yake yi, ya ajiye alamomin yaudara a madadinsu, domin duk wanda ya danna ya tayar da shi. Da a ce an buɗe wajen nuna ɓoyayyun fayiloli, ko an yi amfani da wani gajeren umarni na Windows da ake kira attrib, da cikin minti biyu komai ya bayyana. Na cikin kwamfutar kuwa ko taɓa su bai yi ba. Ke nan cutar ba ta kashe aikin yaron nan ba, maganin ne ya kashe shi. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira garin neman gira a rasa ido.

Na rubuta wannan maƙala ne saboda na san ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka kafa jami'ar Aliero a 2006, kwamfuta ta zama ruwan dare a wannan yanki namu. Ɗalibi na da ita, malamin makaranta na da ita, akawun ƙaramar hukuma na da ita, haka mai shagon magani da dillalin albasa mai ajiye lissafin bashi. Jega kuwa, kasancewarta mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, kuma tsohuwar cibiyar kasuwanci tun zamanin kakanni, nan ne akasarin mutanen Aliero da Maiyama ke kai gyara. Amma kalma ɗaya ce ta mamaye bakin masu gyaran da masu kawo gyaran, wato fomatin. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi tashi, fomatin. An ga wani baƙon saƙo a allo, fomatin.

Me fomatin ke yi?

Abu biyu ne a cikin kowace kwamfuta, kuma duk rikicin daga rashin bambance su yake tasowa. Akwai babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda a wajenmu galibi Windows ce. Akwai kuma kayan mai ita, wato rubuce-rubucensa da hotunansa da lissafinsa. Windows ɗin da ke kwamfutarka iri ɗaya ce da wadda ke cikin miliyoyin kwamfutoci a duniya, in ta lalace yau, ana iya sauko da wata kafin magariba. Amma lissafin albasar yaron nan babu kwafinsa a ko'ina a doron ƙasa sai a hannunsa. Abin takaici, a shagunanmu an juya lamarin, ana tattalin abin da ake samu a ko'ina, ana wasa da abin da ba shi da madadi.

Faifan ajiya na kwamfuta, wanda masu gyara ke kira had-dis, kamar babban sito ne mai lunguna ba adadi, da wani littafi a bakin ƙofa da ke nuna kayan wane suna lungu kaza. Fomatin na gaggawa, wanda shi aka fi yi, littafin bakin ƙofa kawai yake yagewa. Kaya suna nan a lungunansu. Sai dai daga wannan lokaci kwamfuta ta ɗauka siton fanko ne, duk sabon kayan da ya zo za ta jibga shi a kan tsohon. Sabuwar Windows kaɗai tana cin gigabait 20 ko fiye, ban da sauran manhajojin da za a ɗora mata, kuma duk inda ta sauka abin da ke ƙarƙashi ya tafi ke nan. A kan sababbin faifai masu sauri da ake kira SSD kuwa abin ya fi muni, domin su da kansu suke share duk gurbin da aka ce musu babu kowa, ba tare da jiran sabon kaya ba. Saboda haka duk wanda aka yi wa fomatin bisa kuskure, abu na farko da zai yi shi ne ya kashe na'urar, ya daina ajiye komai a kanta, ko da hoto ɗaya ne, har sai ya sami wanda ya iya tono.

Ta ina cutar ke shigowa?

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar farko a wajenmu ita ce filash. Saboda tsadar data da raunin sabis, kuma saboda ba kowa ke da firinta ba, filash ɗaya yakan ziyarci kwamfuta goma a mako, daga shagon buga takardu zuwa ofis, daga ofis zuwa ɗakin kwanan ɗalibai. Wannan hanya tsohuwa ce. Bairos na farko da ya yaɗu a kan kwamfutoci irin namu, mai suna Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a birnin Lahore na Pakistan a 1986, kuma ta hanyar faifan da ake miƙawa hannu da hannu ya zaga duniya. A ƙarshen 2008 wani mai suna Conficker ya ɓulla, ya kama miliyoyin kwamfutoci, kuma cikin hanyoyinsa har da filash, domin a lokacin da zarar an soka filash Windows na iya tayar da abin da ke kansa. Kamfanin Microsoft ya toshe wannan ƙofa a tsofaffin manhajojinsa a watan Fabrairu na 2011. Amma dabarar alamomin yaudara ba ta buƙatar wannan ƙofa, ɗan'adam take jira ya danna da hannunsa, kuma yakan danna.

Tsaga ta biyu ta fi ta farko haɗari, kuma ita ce ba a son a faɗa. Mafi yawan Windows da ake sanya wa mutane a shaguna ta sata ce, an kwafo ta daga hannu zuwa hannu, babu wanda ya san wanda ya fara taɓa ta ko abin da ya cusa a ciki. Bayan an sanya ta, sai a kawo wata ƙaramar manhajar fasa kwado domin ta yi kamar mai lasisi, kuma kafin wannan ta yi aiki sai an kashe manhajar tsaro tukuna. Mai karatu ya duba wannan al'amari da kyau: an kori maigadi domin ɓarawo ya shigo ya gyara ƙofa. Sau da yawa mutum yakan baro shagon gyara da cutar da ta fi wadda ya kai.

Ta wannan hanya ce wani mugun iri mai suna STOP ko Djvu ya riƙa shiga kwamfutocin talakawa a ƙasashe da dama tun wajejen 2018. Shi wannan garkuwa yake yi da fayiloli. Yakan kulle su da wani makulli na lissafi, ya bar takarda yana neman fansar Dala 980, ko rabin haka ga wanda ya biya cikin sa'o'i 72. A nan fomatin ba ya buɗe ko fayil ɗaya, illa ma ya hallaka kullallun gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne a kwashe su yadda suke a ajiye gefe, domin tun 2016 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe wani shiri mai suna No More Ransom, inda suke sakin makullan wasu nau'o'in kyauta a duk lokacin da aka samo su. Ba kowane nau'i ake samun makullinsa ba, amma wanda ya goge nasa ko an samu ba zai amfana ba.

Darasi daga masu ɗori

Aliero ta yi suna da abu biyu tun kafin zuwan jami'a, albasa da ɗori. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo shi garin. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mai ɗori ya san ba ya fara ɗaure ƙafa daga shigowa. Sai ya tambayi yadda aka faɗi, ya lalubi ƙashi, ya gane targaɗe ne ko gocewa ko karaya, sannan ya san abin yi. Wanda duk ciwon ƙafa aka kawo masa ya ce a yanke, ba za a kira shi mai ɗori ba, ko da kuwa gaskiya ne cewa ƙafar da aka yanke ba ta sake ciwo.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce sake sanya Windows laifi ba ne. Hasali ma, akwai cututtukan da ke nutsewa cikin manhajar har babu mai iya rantsuwa cewa an fitar da su duka, kuma a irin wannan hali masana da kansu sukan ce a share a sake sabon zubi, musamman in kwamfutar ana harkar kuɗi da ita. Magana ta tsari ce, wato me ke zuwa kafin me.

Na farko, da zarar an ga alamar cuta, a raba kwamfutar da intanet, a daina soka mata filash, kuma kada a soka nata a wata kwamfutar.

Na biyu, a kwashe kaya kafin a taɓa komai. Mai gyaran da ya san aikinsa yana da filash mai ɗauke da wata babbar manhaja ta kyauta, irin su Ubuntu, wadda ake iya tayar da kwamfuta da ita ba tare da an tashi Windows mai cutar ba. Bairos ɗin da aka rubuta domin Windows ba ya motsi a can, saboda haka ana iya kwashe rubuce-rubuce da hotuna cikin natsuwa zuwa wani faifai na daban. Takardu da hotuna za a kwasa, ban da manhajoji, domin a jikinsu cuta ta fi maƙalewa. Sannan mai kaya ya zauna a buɗe fayilolin a gabansa, ya gani da idonsa cewa suna buɗuwa. Tambayar "akwai abu mai muhimmanci a ciki?" ba ta isa ba, domin mutumin da hankalinsa ya tashi ba ya tuna abin da ya mallaka. A nan akwai wani tarko da ya kamata masu sababbin kwamfutoci su sani: da yawansu faifansu a kulle yake da tsarin BitLocker, kuma ba a iya karanta shi daga waje sai da wata lamba mai alƙaluma 48, wadda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. A nemo ta a rubuta a takarda tun ana lafiya.

Na uku, a gwada magani kafin tiyata. Windows 10 da 11 suna zuwa da manhajar tsaronsu mai suna Defender, kuma tana da wani bincike da take yi bayan ta sake tayar da kwamfutar, kafin cutar ta farka ta ɓuya. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Na huɗu, in ya zama dole a sake zubi, a ɗebo ruwa daga rijiya mai tsabta. Microsoft na bayar da Windows a shafinsa, ana sauko da ita a zuba a filash mai gigabait 8. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwamfutocin da suka fito daga kamfani da Windows 10 ko 11, har da 'yan Beljiyam da muke saye, akasarinsu lasisinsu na nan dashe a jikinsu. In aka sanya irin wadda suka zo da ita, da kanta take karɓar lasisin da zarar ta hau intanet. Wato sau da yawa ana fasa kwadon gidan da makullinsa ke rataye a ƙofa.

Na biyar, a bar sabuwar manhajar ta sauko da duk gyare-gyaren tsaronta kafin a mayar da kaya, kuma a bincike kayan kafin a buɗe su. Na san wannan na cin data, kuma shi ya sa masu gyara da yawa ke kashe shi gaba ɗaya. Amma a tuna da abin da ya faru ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017, lokacin da WannaCry ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila har aka soke ganin likita kimanin 19,000. Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sauko da shi ba.

Na shida, a canza kalmomin sirri na imel da banki da sauransu, kuma a yi hakan daga wata na'ura mai lafiya. Fomatin na goge ɓarawo daga kwamfuta, amma ba ya ƙwato abin da ya riga ya sace ya aika wa iyayen gidansa.

Ranar da ɗauke wuta ya yi rana

Ko manyan duniya sun sha wannan ɗaci. Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata cuta mai suna NotPetya, wadda ta taso daga ƙasar Yukiren, ta afka wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin ya bayyana daga baya cewa sai da suka sake zuba manhaja a kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana 10, kuma asarar ta kai tsakanin Dala miliyan 250 zuwa 300. Sake zubin aiki ne na ƙarfi da kuɗi, kuma suna da su. Abin da ya kusa durƙusar da su shi ne kundin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigar kowa, domin duk kwafinsa da ke haɗe da juna cutar ta shafe su a lokaci guda. Kwafi ɗaya tak ya tsira, a wani ofishinsu da ke nan Afirka ta Yamma, kuma dalilin tsirarsa shi ne an ɗauke wuta a lokacin da cutar ke yawo, na'urar tana kashe. Da wannan faifai, wanda aka ɗauka a jirgin sama zuwa Ingila, aka sake gina kamfanin.

Mu da muka saba tsine wa ɗauke wuta za mu yi dariya, amma darasin a fili yake. Kwafin da ke tsira shi ne wanda ba ya haɗe da sauran a ranar da masifa ta zo. Manomin Aliero ya san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. Ba ya zuba irin shukarsa cikin buhun da ake ɗiba ana miya, kuma yana bin rudu yana tsame ruɓaɓɓiyar albasa tun kafin ta shafi 'yan'uwanta. Masana harkar ajiya suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi 3 na duk abin da ba ka son rasawa, a kan na'urori iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani wuri daban. Ga ɗalibi, wannan na nufin kwamfutarsa, da filash ɗin da ba ya zuwa shagon buga takardu, da imel ɗin da zai riƙa aika wa kansa duk Juma'a. Google na ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, alhali kundin digiri gaba ɗaya sau da yawa bai kai nauyin bidiyon biki guda da muke turawa a WhatsApp ba.

Akwai kuma wani hadari da ya riga ya haɗo. Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, sannan ranar 14 ga Oktoba, 2025 ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10. Da yawa daga tsofaffin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da hannun ɗalibanmu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Duk wanda aka sake zuba wa manhajar da mai ita ya daina toshe ɓarakarta, ya sani an mayar da shi gidan da babu mai gyara katangarsa. Ga wanda aikinsa bai wuce rubutu da lissafi da shiga intanet ba, manhajojin kyauta na dangin Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, suna tafiya lafiya a kan tsohuwar na'ura, kuma ya kamata masu gyaranmu su koye su, su riƙa ba mutane zaɓi.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ga 'yan'uwana masu gyara a Jega da kewaye, sana'arku ta amana ce. Wanda ya miƙo muku kwamfuta ya miƙo muku wahalar shekarunsa da sirrin iyalinsa. Ku mayar da kwashe kaya wani ɓangare na aikin, ku sa masa kuɗinsa daban, ku faɗa wa mai kaya tun farko. Wanda ya san abin da zai rasa ba zai yi jayayya a kan ɗan ƙarin da za ku nema ba. Kuma abin da ido ya gani a kwamfutar mutane ya tsaya a shago.

Ga shugabannin makarantu da asibitoci da ofisoshi, ku tambayi kanku yau: in kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar yara ko bayanan majiyyata ko jadawalin albashi ta kamu gobe, ina kwafi na biyu yake, kuma yaushe aka yi shi? Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su daga ɓata da lalacewa. Aika masinja da kwamfutar ofis zuwa kasuwa a yi mata fomatin ba tare da kowa ya san abin da ke ciki ba, sakaci ne da ya kamata a ce an wuce shi.

Ga malaman da ke duba kundin ɗalibai, ku wajabta musu turo muku alƙaluman bincikensu ta imel duk wata, ko da ba za ku karanta a lokacin ba. Ga masu shagunan buga takardu, ku riƙa karɓar aiki ta imel ko WhatsApp, domin filash ɗin da bai shiga ba ba zai fita da cuta ba. Mu kuma masu kwamfuta, mu daina jiran ranar da allo zai yi duhu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai karatu zai so ya ji yadda muka ƙare da ɗan ƙanwata. Sa'ar da muka yi ita ce tun da aka goge filash ɗin bai ajiye komai a kansa ba. Wani abokin aikina ya bi shi da manhajar tono ta kyauta mai suna PhotoRec, muka kwana muna buɗe ɗaruruwan fayiloli marasa suna ɗaya bayan ɗaya, har muka samo babi uku na farko da alƙaluman awo zuwa tsakiyar watan Agusta. Na makonnin ƙarshe kuwa a kwamfutar kaɗai suke, kuma sabuwar Windows ta riga ta zauna a kansu. Wasu ya tsinto su a wani littafin rubutu da ruwan sama ya taɓa, sauran sun tafi har abada, dole ya taƙaita bincikensa ya bayyana dalili. Ya miƙa kundinsa makonni shida bayan abokan karatunsa.

Kwanakin baya na bi ta shagon nan na Jega. Matashin ya gane ni, ya taso da fara'a, ya jawo wani faifan ajiya daga aljihun tebur ya nuna mini. Ya ce, "Yallaɓai, tun daga kan yaronka ban sake goge kwamfutar kowa ba sai na kwashe masa kaya a nan, ya gani da idonsa." Na tambaye shi ko mutane na biyan ƙarin kuɗin. Ya yi murmushi ya ce waɗanda suka taɓa rasa wani abu ba sa ko tambayar nawa ne, sauran kuwa sai an sha ciniki. Allah Ya sa mu farga tun kafin mu shiga sahun farko.